Don Allah me yasa zafin Legas mai digiri 33 ya kayar da ƙanina, alhali 40 na Gombe bai taɓa kayar da shi ba?

Ɗan Bolari:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya. Don Allah masu ilimin yanayi da ma'aikatan lafiya ku taimaka min da bayani, abin nan ya daɗe yana cin raina.

Ina da ƙani shekaransa 23, uwa ɗaya uba ɗaya, bayan girbi ya tafi Legas yana dako a kasuwan Mile 12 wajen 'yan albasa da tumatur. Yaron nan a Gombe aka haife shi, tun yana ƙarami muke zuwa gona da shi ta hanyan Dadin Kowa, a wata na huɗu rana kaman za ta fasa kan mutum yana sharan gona bai taɓa cewa ko kansa na ciwo ba. Toh bara cikin azumi, a wata na uku, wajen la'asar sai ga kira wai ya yanke jiki ya faɗi da buhu a kai. Abokan aikinsa suka ce tun hantsi yake cewa jiri na ɗibansa, rigansa ta jiƙe sharkaf har sai an matse, can kuma ya fara magana ba kan gado yana kiran sunan Inna yana tambayan ko an kai ruwa wa awaki. Su suka kwarara mishi ruwa suka ɗauke shi a keke napep zuwa wani asibiti, aka ƙara mishi ruwa leda uku, ya kwana biyu. Alhamdulillah ya tashi, yanzu haka yana gida.

Abin da ya ɗaure min kai, a ranan nan na duba waya, Legas 33 Gombe 40. Wato mu nan ma mun fi su zafi da digiri 7, kuma ni da nake shago a cikin kasuwa na wuni lafiya lau. Inna kam har yau ta tsaya akan bakin mutane ne, likitan can kuma ya ce mishi zafi ne kawai. Yanzu yaron ya dage sai ya koma don akwai aure a gabansa, ni kuma hankalina bai kwanta ba.

Tambayata biyu ne. Ta yaya 33 zai fi 40 illa? Sannan masu hasashen yanayi suna iya sanin ranakun da irin wannan zafin na bakin teku zai yi tsanani tun kafin su zo, ta yadda zan kira shi na ce gobe kada ka fita da rana? Nagode, Allah ya saka da alheri.

Baba Direba:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara mishi lafiya ɗana. Ni ba ɗan boko bane amma shekara 19 ina jan tanka tsakanin Apapa da Arewa, abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Zafin can daban ne wallahi. Namu na nan yana ƙona fata amma kana shiga gindin dalbejiya ka ji sanyi, ka watsa ruwa kan minti biyar ka bushe. Na can kuwa ko inuwa ka shiga yana nan tare da kai, ka yi wanka kana fitowa daga bayi zufa ta sake karyowa, singileti in ka shanya da daddare da safe ka same shi da danshinsa har ya fara wari. Mun sha kwana a layin lodi sati guda, ƙarfe biyun dare kana kan tabarma ƙarƙashin mota babu iska ko ta kaɗa ganye, barci ya gagara, gari ya waye kuma ka kama sitiyari. Ni a ganina rashin barcin nan shi yake fara karya mutum kafin rana ta ƙarasa shi.

Akwai dabaran da muke yi a hanya, mu naɗe jarka da buhun algarara ko tsumma mu jiƙa mu rataye a jikin mota. Daga Jos zuwa Bauchi zuwa Gombe ruwan nan kaman daga firij. Amma kana wuce Ibadan dabaran ta mutu, tsumman yana nan a jiƙe ruwan kuma ɗumi. Na daɗe ina mamakin wannan, in akwai mai sani ya haɗa da shi a bayaninsa.

Malamin Jogarafi:

Baba Direba ranka ya daɗe, ai ka gama amsa tambayan da jarkan nan naka, saura ƙarin bayani kawai.

Ɗan uwa, jikin mutum yana zaune ne a kusan digiri 37, kuma in zafi ya yi yawa babbar hanyan da yake sanyaya kansa ita ce zufa. Amma ba fitan zufa ke kawo sanyi ba, bushewanta ne. Lokacin da ruwa ke tashi daga fata ya bi iska yana tafiya da zafin jiki. Haka randan ƙasa take aiki, ruwa na tsattsafowa ta jikinta iska na busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Toh a Gombe ko Bauchi a wata na uku iska busasshiya ce ƙarau, da rana danshin da ke cikinta yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, zufa tana fitowa tana bushewa, shi yasa kake ganin farin gishiri a bayan rigan mai aikin gona amma rigan a bushe. A Legas iskan daga teku take zuwa, ta riga ta ƙoshi da ruwa, da tsakar rana ma danshi yakan kai kashi 60 zuwa 70, ba ta da wurin da za ta karɓi zufan mutum. Sai zufa ta yi ta zuba a banza, ruwan jiki da gishiri na ƙarewa amma zafin yana nan a ciki yana taruwa. Rigan ƙaninka da ta jiƙe har ana matsewa, alaman kenan.

Saboda haka ne masana suka haɗa zafi da danshi suka fitar da lamba ɗaya, wato zafin da jiki ke ji. In ka sa digiri 33 da danshi kashi 70 a wannan lissafi zai baka kusan 43. In ka sa 40 da danshi kashi 15 zai baka wajen 38. Ka ga kenan a ranan nan kai ne kake cikin sauƙi ba shi ba. Kuma lissafin nan na wanda ke cikin inuwa ne, wanda ke tsakiyar rana ana iya ƙara mishi har digiri 8, balle mai buhu a kai wanda jikinsa da kansa ke ƙara hura wuta. In ka buɗe manhajan yanayi a wayanka, ƙarƙashin babbar lamban akwai wata ƙarama da ke nuna yadda jiki ke ji, ita za ka riƙa dubawa. Daga 41 zuwa sama an shiga haɗari ga mai aikin ƙarfi.

Jarkan Baba Direba kuma har da ita a cikin kayan aikin masana. Suna naɗe kan ma'aunin zafi da jiƙaƙƙen ƙyalle su bar iska ta buga shi, inda ya tsaya shi ne iyakan sanyin da bushewan ruwa zai iya bayarwa a wannan wuri. A 2010 wasu masana biyu, Sherwood da Huber, suka nuna cewa in wannan ma'auni ya kai 35 ko lafiyayyen mutum a inuwa ba zai jure awanni masu yawa ba, daga baya gwajin da aka yi a jami'ar Penn State ta Amurka ya nuna matsala tana farawa tun wajen 31.

Sai tambayanka ta biyu. Eh ana iya hasashe, kuma hasashen zafi ya fi na ruwan sama sauƙi. Abu na farko da suke kallo shi ne ɗumin ruwan teku, don shi ne tukunyan da ke turo danshi. Tekun da ke gaban Legas ya fi ɗumi a wata na uku da na huɗu, yakan kai wajen digiri 29, sai a wata na bakwai da na takwas ya huce, shi yasa lokacin Legas take daɗi. Ana auna wannan da tauraron ɗan adam da kuma na'urori masu yawo a kan ruwa. Na biyu akwai layin da busasshiyar iskan hunturu daga Sahara take karo da iska mai danshi daga teku. A wata na ɗaya layin yana can kusa da gaɓa, daga nan ya yi ta haurowa Arewa a hankali. In hunturu ya ja baya da wuri, danshi ya shigo, hadari kuma bai fara haɗuwa ba balle ya kare rana, toh nan ne ake samun mugun haɗin, rana tsirara ga iska jiƙaƙƙiya. Mu ma muna ɗanɗana shi ai, ƙarshen wata na huɗu zuwa na biyar lokacin da layin ya iso kanmu kafin ruwan farko, zafin bazara da ake kwana a tsakar gida ana fifita ana zufa. Bambancin kawai namu makonni ne, nasu watanni.

Na uku, kuma shi ya fi wuyan kamawa, iskan teku da ke tasowa da yammaci. Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukan zafi, sai iska ta taso daga teku ta shigo gari ta rage zafin. Ranan da ta makara ko ta ƙi zuwa ranan ake shan wuya. Abin da ya faru a Karachi ta Pakistan kenan a watan Yunin 2015, iskan teku ta tsaya kwanaki, zafi ya kai wajen 45, ga azumi ga ɗaukewan wuta, mutum sama da 1,000 suka rasu a birnin cikin 'yan kwanaki. Allah ya jiƙan musulmi.

Duk waɗannan bayanai, da na balan-balan ɗin da ake sakewa sama ɗauke da na'ura, ana zuba su a manyan kwamfutoci a Turai da Amurka su lissafa yadda iska za ta kasance, hukumar hasashen yanayi tamu ta Najeriya, wato NiMet, kuma ta haɗa da nata awon ta fitar da sanarwa. Na kwana uku zuwa biyar ana iya dogara da shi sosai, in ya wuce mako ya fara rauni. Ka tuna wata na biyu a 2024 lokacin gasar kofin Afirka a Kodebuwa, har ana tsayar da wasa 'yan ƙwallo su sha ruwa? NiMet ta yi gargaɗin zafi a wannan watan, daga baya masana na World Weather Attribution, ƙungiyar da ke binciken hannun sauyin yanayi a irin waɗannan abubuwa, suka bincika suka ce zafin da jiki ke ji a kudancin Afirka ta Yamma ya kai wajen 50 a kwanakin, kuma sauyin yanayi ya ƙara mishi kusan digiri 4, ya ninka yiwuwan faruwansa sau 10. Dalili a fili yake, duk digiri ɗaya da iska ta ƙara ɗumi tana iya riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100.

Abu Sumayya Tudun Wada:

Malam bayani ya yi kyau amma ni gaskiya ban cika yarda da hasashen nan ba. Sau nawa waya ta ce za a yi ruwa a Gombe muka kwashe shanya ko ɗigo ba a yi ba. Sannan gobe ai ta Allah ce, abin da aka rubuta wa yaro zai same shi ko a Legas ko a Bolari. A yi mishi addu'a ya tafi neman halal ɗinsa.

Malamin Jogarafi:

Abu Sumayya gaskiyanka gobe ta Allah ce, babu mai ja. Amma kakanninmu in suka ga shamuwa ta dawo suna fara gyaran gona, in hadari ya haɗu a gabas ana kwashe shanya, ba wanda ya ce sun shiga gaibu. Alamu ne Allah ya sanya, na'ura ta ƙara mana ido ne kawai.

Maganan ruwa kuma, hadarinmu yakan zuba a Pantami ya bar Tumfure a bushe, kwamfutan kuma tana raba duniya ne gida-gida, kowane gida faɗinsa ya kai kilomita 9 ko fiye, toh ka ga dole ta riƙa kuskuren unguwa. Zafi ba haka yake ba, in ya zo jihohi yake rufewa gaba ɗaya, shi yasa ya fi kamuwa.

Inda nake da damuwa da lamban waya wani wuri ne daban, kuma ya shafi yaron nan kai tsaye. Ma'aunin hukuma yawanci a filin jirgi yake, cikin farin akwati mai ƙofofin iska, sama da ƙasa kaman mita ɗaya da rabi, a fili mai ciyawa. Na Legas a Ikeja. Toh ina haɗin wannan da cikin Mile 12, rumfunan kwano, kwalta, tireloli suna huci, dubban mutane, ruwan ruɓaɓɓen tumatur yana tururi a ƙasa, gine-gine sun tare iskan teku? Duk lamban da waya ta nuna ka ɗauka inda yake tsaye ya fi haka. Kuma tashoshin awo a Afirka sun yi kaɗan ƙwarai, wannan yana rage ingancin hasashen namu. Ka riƙa duba lamban dare ma, in mafi ƙarancin zafi bai sauka ƙasa da 27 ba kwana biyu uku a jere, jiki bai samu ya huce ba, abin da Baba Direba ya faɗa kenan.

Maman Walida:

Salam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Gombe, bari na sa baki ta ɓangarenmu don akwai abin da ya tsorata ni a labarin nan.

Ɗan uwa maganan da ya fara yi ba kan gado, wannan ba ƙaramin abu bane, alama ce zafin ya taɓa ƙwaƙwalwa, jiki ya kai 40 ko ya wuce. Ana mutuwa a haka cikin ƙanƙanin lokaci, wasu su tashi da ciwon ƙoda. Abokansa da suka kwarara mishi ruwa kafin su nemi mota, bayan ikon Allah su suka cece shi, ka kira su ka musu godiya ta musamman. Haka ake yi, a kai mutum inuwa a cire mishi kaya a yi ta zuba mishi ruwa mai sanyi ana fifita, in da ƙanƙara a sa a wuya da hammata da matsematsi, ana yi ana neman abin hawa. Kada a ɗura wa wanda baya cikin hayyacinsa ruwa a baki zai shaƙe, kuma farasitamol baya sauke irin wannan zafin don ba zazzaɓi bane. Mu nan abin da muka fi gani mutane su tsaya shafa mai da hayaƙi ana cewa iska ne har lokaci ya ƙure. A yi addu'a, amma ana yi ana zuba ruwa.

Kafin ya koma don Allah ka kai shi a duba ƙodansa, gwajin jini ne da fitsari ba tsada can ba. Wanda abin ya taɓa kamawa sai an fi kula da shi. In ya isa kuma kada ya faɗa aiki gadan-gadan, jiki yana buƙatan sati ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafin wuri, kuma zaman da ya yi a gida ya goge sabon da ya yi a baya. Ya fara da rabin wuni. Ya riƙa kallon fitsarinsa, in ya yi ja kaman shayi ko ya wuni bai yi ba ruwa ya ƙare a jiki. Ruwa zalla kuma baya isan mai zufa haka, ya samu ORS, wato haɗin gishiri da suga da ake damawa a ruwa, a kemis, in babu ya haɗa lita ɗaya na ruwa mai tsabta da suga ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ya rabu da lemukan ƙara kuzari da ƙwayoyin da 'yan dako ke sha don kashe gajiya, suna rufe wa mutum alaman da jiki ke bashi ne ya yi ta aiki har ya faɗi.

Batun azumi ba fagena bane, ya samu malami ya zayyana mishi abin da ya faru da abin da likita ya ce. Amma dabara tana hannunsa, motocin kaya da yawa da dare ko asuba suke isowa, ya ci ƙarfin aikinsa daga bayan sahur zuwa hantsi, ya kwanta daga sha biyu zuwa la'asar.

Ɗan Azare a Doha:

Ina gaida kowa. Shekarata huɗu ina aikin gini a Qatar, nan ma bakin teku ne kuma danshin ya fi na Legas muni a wata na bakwai da na takwas, kana fitowa daga ɗaki mai AC gilashin ido ya yi hazo. Nan doka ce, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba ba a aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, kuma akwai wani ma'auni da ke haɗa zafi da danshi da rana da iska, in ya wuce 32.1 ko wani lokaci ne sai a ajiye aiki. Saudiyya ma suna da nasu daga 12 zuwa 3. Abin da nake gani shi ne hasashen yana da amfani ne in akwai wanda zai ce a tsaya. Ɗan dako in ya zauna ba mai biyansa, wani ne zai ɗauke buhun. Da shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa na can za su riƙa karɓan sanarwan NiMet suna faɗa a lasifikan masallaci bayan asuba, a kuma ajiye durom na ruwa da rumfa a wajen sauke kaya, da an rage da yawa.

Ɗan Bolari:

Kai jama'a Allah ya biya ku, wallahi na ƙaru. Malam yanzun nan na buɗe wayan, Legas babbar lamba 32 ƙaramar 40, ban taɓa lura da ita ba duk shekarun nan. Na karanta wa Inna maganan jarkan Baba Direba da ta randa, ta yi shiru can ta ce lallai lokacin da ta je Agege wajen ƙanwarta ta lura ruwan tulunsu baya sanyi, ta ɗauka ƙasan tulun ne ba kyau.

Anti Maman Walida in sha Allah ranan Litinin zan kai shi gwajin ƙodan, na faɗa mishi ba inda za shi sai sakamako ya fito. Ya ce ɗakin da suke kwana su bakwai ne, taga ɗaya, rufin kwano ba silin, wuta kuma sai ta ga dama. Ina tunanin saya mishi ƙaramar fanka mai caji ya tafi da ita, amma na taɓa ji ance in zafi ya yi yawa fanka iska mai zafi kawai take hurawa. Malam a irin zafin can mai danshi za ta yi amfani ko na ƙara kuɗin ya nemi ɗaki mai taga biyu?